Muryar Hajo a Ordinatar Sallau

Duk direban da ya taɓa zaman jiran takardun duwan, wato kwastan, a layin kamyo masu dakon kaya na Gaya ya san Sallau mai zuba waƙoƙi. Rumfarsa ba wata babba ba ce: tebur, benci, sai wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da ta ga jiya ta ga yau. Ka miƙa masa kart memwar, ɗan katin nan na ajiyar waƙoƙi, ya cika maka ita da wa'azi ko waƙar Dendi ko gogen Zabarmawa, ka kama hanyar Dosso kana saurare. Shekaru ya yi yana tara kayan nan. In ya ji labarin wani tsoho a Zabori yana da kaset ɗin da babu irinsa, ranar ba zai buɗe rumfa ba, sai ya je ya kwafo.

Abu ɗaya ne a cikin ordinatar da bai taɓa zuba wa kowa ba, muryar mahaifiyarsa Hajo. Kafin ta rasu ya ɗauke ta a waya tana sussukar shinkafa a garin Bana, tana ƴar waƙarta, tana yi masa kirarin yarinta. Da ya kunna mata ta ji, dariya ta yi har da riƙe ciki, sannan ta ja masa kunne: "Kai, kada in ji muryata a kasuwa." Wayar ta daɗe da mutuwa. Ordinatar kaɗai ta rage da ita.

To, ordinata fa ta tsufa. In ya kunna ta, sai ya dafa shayi ya sha kafin ta buɗe ido. Direbobi suka mai da shi abin tsokana. "Sallau, tashi tsohuwar nan mana, ko sai mun kai Yamai mun dawo?" Wasu ma sai a kira su a duwan su tafi da kart ɗinsu wayam.

Wa zai kai wa in ba Alfari ba? Alfari mai gyaran waya ne a kasuwa, maraya ne da Hajo ta riƙe tun yana ƙarami, kwano ɗaya suka ci da Sallau. Ya duba ya ce, "Ɗan Inna, cika ta yi. Sai an kwashe komai a wani disk, a wanke ta tas, a mayar."

"Inna fa tana ciki," in ji Sallau.

"Haba! Ni za ka tuna wa Inna?"

Da ya dawo da ita kuwa, sai ka ce sabuwa. Kana taɓawa tana buɗewa. Amma ciki babu komai. Alfari ya zauna a benci ya dafe kai, ya ce wutar lantarki ce aka kawo da ƙarfi, disk ɗin ya ƙone ƙurmus. Har da hawaye. Sallau ya ji kamar an sake yi masa rasuwa, amma wallahi shi ne ya koma yana ba Alfari haƙuri, yana cewa ƙaddara ce. Wannan ba da haƙurin shi ya fi ci masa rai har yau.

Bayan salla Alfari ya buɗe rumfar zuba waƙoƙi kusa da gadar kan iyaka. Sallau bai kawo komai a ransa ba, har benci ya ara masa. Shi kuma ya koma tarawa daga farko, direbobi suna ta raguwa.

Ran nan da hantsi wani direba, Zakariya'u, ya tsaya da kamyonsa daf da rumfar, ƙofa a buɗe, rediyo yana tashi. Sai Sallau ya ji bugun taɓarya. Sai tarin nan na Hajo kafin ta fara waƙa. Sai muryar. Kofin shayi ya suɓuce masa.

"Malam Zakariya'u, ina ka samo wannan?"

"Wajen Alfari mana. Kowa a layi yana da ita yanzu, har Malanville an kai ta. Ka ji daɗin murya! Ya ce mahaifiyarsa ce, Allah ya jiƙanta, shi take yi wa kirari."

Nan Sallau ya gane disk ɗin bai ƙone ba. Satar kayan sana'a zai iya haɗiyewa. Amma a kai Inna kasuwa, bayan ta hana, sannan a ƙwace masa ita har da kirarin? Ya miƙe kamar zai nufi gada, sai kuma ya tsaya, don muryar tana nan tana fita daga kamyo, ga direban yana shirin tashi.

"Don Allah ara mini kart ɗin," ya ce.

Ya karɓa ya sa a ordinata. Da can da sai ya sha shayi yana jira. Yanzu kafin ya share ido ta gama kwafa.

"Ashe kai ma tana burge ka," in ji Zakariya'u yana karɓar kart ɗinsa. "Ka san ta ne?"

Sallau ya ce, "Uwata ce."

Direban ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya ja kamyo ya tafi da ita.