Ƙugun Gimbiya da Almakashina

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar Larabar da na durƙusa a kan 'yar mutane da almakashi a hannuna ba, tana kwance a ƙasan shagon nan ko motsi ba ta yi. Ku tsayar da kekunan ɗinkin nan ku saurara, tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa na rataye wancan tsohon almakashin mai giɓi, na ƙi jefarwa.

A lokacin ina da kwangilar ɗinki da wata makarantar kuɗi a unguwar Rayfield, nan Jos. Ni nake ɗinka musu kayan makaranta. A ƙarshen zango na uku kuma, cikin damina, suna yin bikin da suke kira ranar littafi, kowane yaro ya yi shigar wani daga cikin mutanen littattafan da suke karantawa. Tsarin aikin shi ne in je makaranta in ɗauki awo, in dawo nan Rikkos in yanka in harhaɗa, sannan iyaye su kawo yara gwaji kafin in sa zif in kashe baki.

Mai makarantar, wadda kowa ke ce wa Madam, ta kira ni ofis ta baje mini littattafai a tebur. Jeri ne guda, kusan goma, duk labarin wata gimbiya. Farar fata, gashi har gadon baya, idanu dara-dara sun cinye rabin fuska. Da na dubi ƙugunta sai na ɗora babban yatsana a kai, ya rufe shi ruf. Wallahi wuyanta ya fi ƙugun kauri.

Na ce, "Madam, wannan ina take zuba tuwonta?"

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ke dai ki matse rigar ta fito kamar na hoton. Iyaye za su ɗauki hoto."

Na ce ni jikin mutum nake ɗinka wa. Ta ce in yi iya ƙoƙarina.

Yarinyar da aka zaɓa ta zama Gimbiya sunanta Ifeoma, ana ce mata Ify, 'yar aji huɗu. An zaɓe ta ne don ta fi kowa iya karatu. Babanta yana sayar da katako a kasuwar Katako, uwarta tana da shagon kayan masarufi, gidansu bai fi layi biyu daga nan ba. Yarinya ce baƙa, kumatu ɓul-ɓul, ga ɗan tumbi irin na yaran da ke ƙoshi. Tana son littattafan nan kamar me, ta haddace su kaf. Ina zagaya mata tef tana riƙe numfashi, na ce, "Ke, saki cikinki, ba yanka ki zan yi ba." Da na faɗi awon da ƙarfi, wata a bayanta ta ce, "Gimbiya mai tumbi!" Aji ya ɗauka da dariya. Na tsawatar musu na wuce, don ina da yara da yawa a layi.

Bayan kamar mako biyu, ranar Laraba da la'asar, uwarta ta kawo ta gwaji, don Asabar mai zuwa za a yi bikin. Ta ce za ta leƙa shago ta dawo. 'Yan koyo duk sun tashi saboda hadari ya haɗo, ni kaɗai ce.

Tun shigowarta na ga yarinyar ba daidai take ba. Kumatun sun zube, leɓe ya bushe, ta ƙi zama, tana tsaye ƙiƙam. Tana sanye da suwaita mai kauri, amma a Jos cikin damina wa zai tambayi yaro don ya sa suwaita? Na ce ta shiga bayan labule ta cire mu gwada. Ta ce, "Anti, ki sa mini a kan suwaitar." Na ce ba a gwaji haka. Don in lallashe ta sai na zagaya mata tef ta saman kayan. Abin mamaki, da suwaitar da komai, awon bai kai na farko ba.

Na ce, "Ify, ba ki da lafiya ne?"

Ta yi murmushi, idonta na ƙyalli, ta ce, "Ya ragu ko, Anti?"

Ba ta rufe baki ba ta sulale. Kanta ya daki ƙafar keke.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na kira sunanta, na girgiza ta, na yayyafa mata ruwa, shiru. Numfashinta sama-sama, kamar na ɗan tsako. Na ɗaga suwaitar don ta sha iska, na ɗaga rigar ciki, sai na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Roba ce baƙa, ta cikin taya, irin wadda ake yankawa a ɗaure kaya a bayan babur. Ta naɗe cikinta da ita zagaye bisa zagaye, daga ƙasan haƙarƙari zuwa cibiya, ta ƙulle tam. Robar ta nutse cikin nama, fatar gefe ta kumbura ta yi ruwa, har wari ya fara tashi.

Na nemi ƙullin, ya ƙi kwantuwa. Yatsa ma ya ƙi shiga. Kun san dokata, almakashin yadi ba ya taɓa komai sai yadi, ko takarda kika yanka da shi sai mun ɓata. Shi na wawuro.

A nan tsoro na biyu ya kama ni. Kun san garinmu. Kun san abin da ƙaramar magana take zama kafin ta kai bakin titi. 'Yar Kirista, a shagon Musulma, ba kowa sai mu biyu, ga ƙarfe a hannuna. In hannuna ya goce na huda ta fa? In ta cika a nan fa, wa zai tsaya jin bayani? Na tuna 'ya'yana a gida. Zuciyata ta ce in fita in yi ihu a taru tukuna, a samu shaidu. Na dubi leɓenta ya soma canza launi, na ce shaidu sa same ni a kai.

Na kwantar da bakin almakashin a kan fatarta, ina turawa a hankali. Na datse zagaye ɗaya, roba ta yi tsalle ta tsula mini a fuska. Ina kan na biyu aka bankaɗe labulen ƙofa.

Uwarta ce. Ta saki ledar hannunta ta ƙwalla ƙara. "Jesus! Hajiya, me ka yi wa yarona?"

Ta yo kaina. Ban ɗago ba, don in na ɗago zan yanke yarinyar. Na ce, "Maman Ify, kashe ni daga baya. Yanzu riƙe mini ita." Ta damƙi wuyan hijabina, sai idonta ya sauka a kan robar. Na ji hannun ya saki. Ta zube a gefena ta tallafe kan 'yarta, tana kiran sunanta da yarensu.

Da na datse na ƙarshe, cikin yarinyar ya ɗaga, ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta fashe da tari. Kafin nan maƙwabta sun cika ƙofa, wani har ya fara cewa, "Me aka yi? Wa aka yanka?" Uwar ce ta miƙe ta ɗaga robar sama ta ce, "Ba wanda ya yanka kowa! Ku kira mana keke napep!"

A asibiti likita ya ce ta daɗe ba ta cin abincin kirki, ga robar ta hana ta numfashi sosai, ciwon fatar kuma ya fara ruɓa. Ashe a shagon babanta ta ɗauko robar tun washegarin awo. Da ita take kwana, da ita take wanka, abincin makaranta kuma ƙawaye take rabawa. Baban da ya zo ya ga robar ya gane tasa ce, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Washegari na je duba ta. An sa mata ƙarin ruwa, littafin Gimbiya na gefen filo. Na zaci za ta yi murnar ganina. Ta juya mini ƙeya. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Anti, da kin bari zuwa Asabar, da na zama kamar ita."

Na fita baranda na yi kuka mai isata. Wannan maganar ta fi faɗuwarta tsorata ni, don robar na iya yankewa, wannan kuwa ban san inda zan sa almakashi ba.

Na warware rigar na sake ɗinka ta daidai jikinta na gaskiya, na kai wa Madam. Ta karɓa hannu biyu, ba ta ko ambaci hoto ba. Ify ba ta samu zuwa bikin ba, tana kwance. Ta warke daga baya, yanzu ta zama budurwa, amma uwarta ta ce tabon na nan zagaye da cikinta.

Shi ya sa nake hana ku abu biyu. Kada ku faɗi awon yaro da ƙarfi a gaban 'yan uwansa. In kuma aka kawo muku hoto aka ce a ɗinka kamarsa, ku dubi wanda zai sa kayan kafin ku dubi hoton. Mai zane yana iya goge ƙugu da ɗan yatsa ya tafi ya ci abincinsa. Yarinyar da ke kallon zanen ba ta san haka ba, ita da naman jikinta za ta gwada.

Giɓin da ke bakin almakashin can, robar Ify ce ta yi shi. Ku koma kan aikinku.