Haƙora Ashirin da Biyu na Ticha Siman

Ni ne Husaini mai gyaran keke, a gindin mangwaron nan na hanyar Akwanga nake zama tun Keffi tana cikin jihar Filato. Babu keken garin nan da ban san ciwonsa ba, amma wanda ya fi sa ni surutu shi ne baƙin keken Ticha Siman. Kai, keken ma bai da laifi, mai shi ne.

Siman malamin firamare ne, lissafi ya koyar har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, ga fara'a, ga taurin kan tsiya. Yana saurayi ya turo mini kekensa ya ce, "Husaini, cire firiwil ɗin nan, sa mini mafi ƙanƙanta." Firiwil shi ne ɗan faifan nan mai haƙora na tayar baya, inda sarƙa take hawa. In ƙarami ne, taki ɗaya ka yi nisa, amma feda ta yi nauyi kamar kana taka dutse. In babba ne, feda ta yi laushi, gudu ya ragu.

Na ce, "Ticha, ina za ka da wannan gudu?"

Ashe budurwa ya gani a Garaku, Anjelina, kuma akwai wani mai babur da yake zuwa wurinta duk Asabar da hantsi. Shi kuwa ya rantse sai ya riga shi. Na sa masa mai haƙora goma sha shida. Ya riga mai babur, don tun asuba yake fita, ya kuma auri Anjelina. Shi ke nan fa, mutumin nan ya ɗauka firiwil ne ya yi masa aure.

Abuja ta cika ta tumbatso har ƙofarmu, aka faɗaɗa titi, ɗalibansa suka riƙa wuce shi a manyan motoci suna yi masa hon, shi dai yana nan. Duk Asabar yana kan hanyar Garaku, zuwa gonar doyar da surukinsa ya bar musu. Duk sanda firiwil ya cinye, in na ce a sa babba, sai ya ce, "Sha shida na maza ne."

Bara gwiwarsa ta dama ta ce ba ta san wannan zance ba. In ya dawo daga gona sai Anjelina ta gasa masa ita da ruwan zafi. Ranar Lahadi a coci, in ya durƙusa, sai an kama shi ya tashi. Likita ya ce a rage wa gwiwar nauyi. 'Yarsa Febi, mai aiki a Abuja, ta zo da mota ta ce, "Baba, keken nan ya isa haka. Ku tattara ku dawo wurina Mararaba."

Ya zo ya zauna a bencina, babu dariya. Ya ce, "Husaini, in an raba ni da keken nan an raba ni da gona. Me zan yi a saman bene, ƙirga motoci?" Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Na ce, "Kai da ka koya wa yara lissafi! Buhu ɗaya a kai da rabin buhu sau biyu, wanne yake karya wuya?"

Da Febi ta biyo shi na ce, "'Yata, ki ba ni Asabar biyu." Ta ce, "To, Baba Husaini. In ya je Garaku ya dawo, ya durƙusa a coci ya tashi da kansa, na bar masa."

Na sa mai haƙora ashirin da biyu, na ƙara wa sarƙa tsawo, na ɗaga sirdi yatsa biyu don gwiwar ta daina lanƙwashewa da yawa. Ya hau gwaji. Wayyo! Ƙafafun nan da suka saba da nauyi suka kama juyi fir-fir, har 'yan okada suka ce, "Baba, ɗinki kake yi?" Ya dawo a fusace ya ce in mayar masa da nasa. Na ce akuya ta cinye. Yana aljihuna.

Asabar ta farko ya wuce ni ko gaisuwa babu. Ta biyu kuwa ya buga mini ƙararrawa har sau uku, ya ce ya hau duk tudun hanyar a zaune, bai miƙe a kan feda ba ko sau ɗaya.

Ranar Lahadi da rana sai ga shi da Anjelina da Febi daga coci. Febi ba ta gama ba ni labari ba, Ticha ya durƙusa a gaban rumfata da fararen kayansa, cikin baƙin mai, ya miƙe. Ya sake. Na uku har da ɗan tsalle. Febi tana dariya tana share hawaye, ni kuwa daɗi ya cika ni har na manta taya a cikin ruwa.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya kakkaɓe wando ya ce, "Sai dai fa na ƙara rabin awa a hanya. Da wannan na je neman aure, da mai babur ya riga ni."

Anjelina ta gyara ɗankwalinta ta dube shi. Ta ce, "Siman, shekara arba'in kana kashe gwiwarka a banza. Mai babur tun zuwansa na farko na sallame shi, naci kawai yake yi. Ko da la'asar ka zo, da ka same ni a ƙofar gida ina jira."