Kason Auta a Kwamfutar Akawu

A ƙarshen layinmu, tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da batir, akwai wani shago da ƙofarsa ba ta buɗuwa duka, saboda injin fotokwafi ya tokare ta daga ciki. Sai ka karkace kafin ka shiga. In ka shiga za ka tarar da wani dattijo ya duƙufa a gaban kwamfuta, tabarau a ƙarshen hanci, hannu ɗaya a kan madannai, ɗayan yana dafe da ƙugu. Shi ne Akawu. Bai taɓa aikin ofis ba, amma tun yana saurayi yake buga wa mutane takardu, sai sunan ya bi shi. Matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Mutum ne mai haƙuri da rubutun jama'a. A kawo masa takardar neman aiki da rubutu kamar kaza ta yi tono, ya karanta, ya gyara abin da ya karkace ba tare da ya faɗa wa mai ita ba. Ɗalibai su cika masa benci da ayyukansu, kowa yana cewa nasa ne na gaggawa. Ya ce, "To, to," ya ci gaba da bugawa. Sai dai shekaru sun fara karɓar nasu. Idanu suna yaji kafin azahar, baya yana ƙagewa, in zai miƙe sai ya dafa tebur ya yi nishi tukuna.

Da can su biyu ne a shagon, shi da ƙaninsa Auta. Auta ne ya iya zanen katin gayyata da gyaran hotuna, shi ne kuma ya raba faifan ajiyar kwamfutar gida uku ranar da suka sayo ta. Kaso na farko na ita kwamfutar kanta da aikin Akawu, na tsakiya nasa, na ƙarshe na tarkace. Nasa ya kulle shi da kalmar sirri, wai don kada Yaya ya yi masa ɓarna cikin rashin sani.

Rabuwarsu ba faɗa aka yi ba, da ma faɗan aka yi da tuni an shirya. Auta ya samu aiki a wani gari mai nisa, bai faɗa ba sai ana gobe zai tafi. Akawu bai ɗago daga allon ba, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Tun daga nan gaisuwa sai ta bakin matansu, "a gaida Yaya," "a gaida Auta." Shekaru suka yi ta wucewa a haka.

To, a bana sai kwamfutar ta fara kuka. Kullum ta fito da jan layi tana cewa wuri ya cika. Takarda ɗaya sai ta yi ta tunani kafin ta aika wa firinta, wani lokaci ta ƙi gaba ɗaya, ɗalibai suna zaune suna kaɗa ƙafa. Kowace safiya kafin ya fara aiki sai Akawu ya goge wani abu don ta samu ta numfasa. Da ya gaji, ya yi wa kansa dabara: ya goge kason tarkacen nan na ƙarshe ɗungurungum, yana zaton filin zai kwarara zuwa nasa kamar ruwa. Ya duba, ga fili nan baƙi wuluk, ba na kowa ba, amma nasa kason ko gezau bai yi ba. Wurin da zai danna ya faɗaɗa shi ya dusashe, ba ya dannuwa.

Sai ya aika a kira Injiniya, tsohon abokinsa mai gyaran kwamfuta a ƙarƙashin benen kasuwa. Injiniya ya karkace ya shigo da ƙyar, don shi tumbi gare shi.

"Kai dai ba za ka matsar da injin nan ba sai ranar da na maƙale," in ji shi. "Me ka ɓata kuma, tsoho?"

"Wa ke tsoho? Kai da ka riga ni furfura. Duba min nan. Ga fili har fili, ta ƙi ci."

Injiniya ya ja kujera, ya leƙa, ya yi tsaki. "Ina za ta ci? Ka taɓa ganin an faɗaɗa ɗaki ta tsallake ɗakin maƙwabci? Ga naka, ga filin can, ga wani a tsakani. Sai filin yana manne da naka take yarda. Na wane ne wannan mai alamar kwaɗon?"

Akawu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Na yaron nan ne."

Injiniya ya san wane yaro. Ya gwada abin da zai gwada. Ya mai da filin ya zama ma'aji, ya kwashe takardun Akawu zuwa can, amma jan layin bai ja da baya sosai ba, don ba takardu ne suka cika wurin ba, ita kwamfutar ce ta yi ƙiba, kason kuwa tun farko an yanka shi ƙarami. Ya sake goge ma'ajin bayan ya juye takardun a filashi. Ya kawo wata manhaja mai tura kaso gefe, ita ma ta ce ba ta taɓa abin da ke kulle. Rana ta yi tsaka, fanka tana juya iska mai zafi, ɗalibai biyu suka tattara takardunsu suka tafi wani shagon.

"Hanya biyu ce," in ji Injiniya yana share gumi. "Ko ka samo kalmar sirrin, mu buɗe, mu kwashe masa kayansa, mu matsar. Ko in goge shi yanzu, kafin ka ƙifta ido an gama."

"Ba nawa ba ne da zan goge."

"To kira mai shi."

"Ka zo gobe," in ji Akawu.

Goben ta zama jibi, jibi ta zama mako. Akawu ya koma gogen safiya, yana cire wannan yana cire wancan. A gida ya zauna a bakin gado yana shafa man zafi a baya, ya ce wa matarsa ko za ta tambayi matar Auta wata 'yar kalma.

"A'a, Akawu," ta ce tana ninke kaya. "Na gaji da zama ɗan aike tsakanin gemu biyu. Ga waya nan, lambar tana ciki. Uwa ɗaya ta haife ku, ba ni ba."

Ranar da kwamfutar ta ƙi buga ko layi ɗaya, ya kira Injiniya ya zo ya zauna, sannan ya fita bakin shago da waya. Ta yi ta ringi har ya so ya kashe.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Ni ne."

"Yaya? Lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Kwamfuta ce." Ya yi masa bayani a gajarce, kamar mai karanta takardar wani.

Auta ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, mai ƙarewa da tari. "Wai har yanzu tsohuwar nan tana aiki? Wallahi Yaya na manta abin da na sa. Ka goge kawai, ba na jin akwai wani abin kirki a ciki."

"Ka tabbata?"

"Goge, Yaya. Ya bayan naka? An ce yana damunka."

"Da sauƙi," in ji Akawu. Suka yi sallama.

Ya koma ciki ya zauna a bencin ɗalibai, ba a kujerarsa ba. Ya ɗaga wa Injiniya hannu. Injiniya ya danna, kason tsakiya ya ɓace, filin ya haɗe ya zama ɗaya, wurin da ya dusashe ya yi baƙi ya dannu. Jan layin ya koma shuɗi. Firinta ta yi gyaran murya ta fara tofo takardun da suka maƙale tun safe.

"Ka ga abin da ka shekara kana jin tsoro," in ji Injiniya. Akawu ya zuba wa allon ido. Duk tsawon shekarun nan yana kewaye wurin nan kamar ɗakin da mai shi zai dawo, ashe mai shi ya manta ma da akwai shi.

Washegari da la'asar, yana tsakiyar buga wa wata mata takardar neman canjin makaranta, waya ta yi ƙara. Auta ne.

"Yaya, jiya ban yi barcin kirki ba, ina ta tunani. Ina jin na tuno kalmar sirrin. Akwai hotunan da na ɗauka a shagon ma a ciki, ina jin. Kana gabanta? Gwada wannan." Ya karanto wasu haruffa da lambobi.

Akawu ya dubi allon. Babu kwaɗo, babu kaso, babu inda za a rubuta komai. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya rufe. Ya matso da wayar kusa da madannai, ya danna su a hankali yadda za a ji ƙararsu, a ƙasan takardar matar, sannan ya goge.

"Ba ita ba ce," ya ce.

"Kash. To bari in sake tunani. Zan kira ka gobe."

"Ka kira bayan la'asar," in ji Akawu. "Lokacin mutane sun ragu."

Ya ajiye wayar, ya gyara tabarau, ya tambayi matar inda suka tsaya.