Ƙuda Mai Doro

Shekarar da nake aji huɗu na sakandare, wasu ƙananan ƙudaje suka addabi gidan hayarmu a Iku. Ba su kai ƙwayar riɗi ba, amma har cikin koko suke faɗawa. Kowa ya ɗora laifin a kan Madam, maƙwabciyarmu 'yar kudu mai saro ayaba daga Izom. Baba mai gida ya ba ta mako guda: ko ayaba ta bar gidan, ko su tafi tare.

Ni ba mai magana ba ce, ko gaisuwa nake sai an matso ake jina. Amma akwai ni da kallo. Ƙudan ayaba na san shi, jan ido gare shi, yana shawagi a hankali a kan ɓawo. Waɗannan kuwa idan ka kai musu hannu ba sa tashi. Gudu suke a bango, su tsaya cak, su sake zabura. Kuma a bakin makewayi suka fi yawa.

Na kama uku a kwalbar maganin tari. Kwana biyu tana jakata kafin na iya miƙa wa malamar bayoloji.

"Ke da ko hannu ba kya ɗagawa a aji, yau tsarabar ƙuda kika kawo min?"

Ta sa ɗaya a na'urar ƙara girma, ta buɗe wani tsohon littafi mai tambayoyi bi da bi. Tana karantawa, ina leƙawa. Ido ja ne? A'a, baƙi. Bayansa fa? Da doro, kamar wanda ya goya buhu. Jijiyoyin fiffike? Masu kauri a gaba, sun tsaya a rabi, sauran sirara. Kowace amsa ta tura mu wani shafi, har muka sauka a kan dangin ƙudaje masu doro. Ainihin jinsinsa sai masana, in ji ta. Amma littafin ya faɗi inda suka fi son hayayyafa: dattin fasasshen bututu.

Bayan la'asar na durƙusa gaban mai gida.

"Baba, ba ayaba ba ce. A duba bututun makewayi."

"Ikon Allah! Ashe kina magana?"

Ya yi dariya, amma ya kira mai gyaran famfo. Da aka fasa simintin, ga bututu a tsage, ƙudaje suka yi ta bulbulowa a guje.

Madam ta hau rawa a tsakar gida. "Baba, ka gani ko? Ayaba ba laifi!"

"To, na gani. Ki zauna abinki."

Ta dire min nonon ayaba guda a cinya, ta ce daga yau sunana Dakta.