Awakin da na ɓoye wa masu lampo

Shekarun baya, shekarar da na kafa injin niƙa a ƙofar gidana nan Tanut, takarda ta iso ni daga buron lampo, wato ofishin haraji. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ba a taɓa yi min wayo a ciniki ba. Surukina ya karanta, ya ce ana so in je in faɗi abin da nake samu, daga bana ni ma mai biya ce.

Abin da na fara tambaya shi ne wa ya kai sunana. Maƙwabciyata na zarga, don ita ke leƙen katanga tana ƙirga min awaki da ido. Na daina amsa gaisuwarta.

Mu mun taso ba a faɗin yawan dukiya. In masu ƙidaya za su zo, mahaifina kora tumaki yake cikin kwarin Tarka, ya bar gurguwa ɗaya a turke. Sai na yi abin da na gada. Awakina goma sha ɗaya na aika wa ƙanena a Ollelewa, na ce kada kowa ya ji.

Na tafi buro da koɗaɗɗen zane, ni da ake aron mayafina ranar biki. Ma'aikacin ya tambayi kwano nawa ake niƙawa a rana, man inji nawa nake saye, wata nawa injin ke kwance. Ina amsawa ina jiran tarkon. Da na ga zai rufe littafi, bakina ya kuɓuce, na ce to, awakin fa?

Ya ce, "Inna, awaki kike niƙawa? Sana'ar muke tambaya."

Na biya, ya buga hatimi, ya ce in riƙa zuwa kowace shekara kafin wa'adi, kada tara ta hau ni.

Na aika a dawo min da awaki. Bakwai suka zo. Na je da kaina, ƙanena ko kunya babu.

"Yaya, ke kika ce kada kowa ya ji. Wa zai shaida goma sha ɗaya ne?"

Har yau ban yarda da masu lampo ba. Mutum biyu nake ba takardarsu su karanta, kowa daban. Amma masu lampon dai sun ba ni takarda. Wanda muka sha nono ɗaya bai ba ni komai ba. Mutum guda ce ta san yawan awakin nan, maƙwabciyata, ita kuwa da wane baki zan roƙe ta?