Ranar da Ƙafata ta Hagu Ta Kai Ƙarata

A gidanmu na Barunde mace ba ta cewa wayyo. Goggona, ƙanwar babana da ta rene ni, ta haddace tarihin matan dangi kaf: wadda ta haihu tana cikin tankaɗe, da wadda ta haihu baƙi na tsakar gida ba su sani ba. Akwai wata guda da ta yi ihu tun ba a haife ni ba, har yau jikokinta ke shan gori. Da wannan karatun na tafi haihuwar fari.

Yarinyar da ke cikina ta kwanta a gicciye, aka ce sai tiyata. A bakin ƙofa Goggo ta matse hannuna.

"Munyal," in ji ta, wato haƙuri. "Kar ki ba mu kunya a gaban maza."

Likitan da ke kashe zafi saurayi ne mai surutu. Ya sa na lanƙwashe, ya zura siririn tiyo a gadon bayana, ya tura magani. Sannan ya manna wayoyi a tafin ƙafafuna, ya haɗa da na'ura. Ya ce jijiyoyin da ke sa zufa da tsuke hanyoyin jini su ne ke fara yin barci, in maganin ya kama sai ƙafa ta yi ɗumi ta bushe. Na ce to, a raina ina cewa mutum na ta kansa ana ba shi lacca.

Ya goga min ƙanƙara a gefen ciki na dama, ban ji ba. Ya goga a hagu, sanyin ya ratsa ni har ƙeya.

"Hajiya, kin ji?"

"Ban ji ba."

Ya tsikare ni da tsinin allura. "Nan fa?"

"Babu komai."

A wurinmu in namiji ya tambaye ki ko kina jin zafi, amsar ɗaya ce. Mai yankan kuwa har ya karɓi wuƙa. Tsoro ya cika ni, amma na fi tsoron Goggo.

Likitan ya dubi na'ura, ya taɓa ƙafafuna.

"A dakata! Hajiya, ta dama ta yi barci. Ta hagu sanyi ƙalau, zufa take sharkaf, kuma duk tsikarar da na yi miki sai layin nan ya yi tsalle. So kike a yanka ki kina ji? Ku 'yan gidan munyal kuna ba ni wahala, wallahi."

Aka karkata ni hagu, ya ƙara magani, aka jira har ƙafar ta yi ɗumi. Bai sake tambayata komai ba, da ƙafar ya ci gaba da hulɗa.

Ran suna Goggo ta cika gida da baki: "An tsaga ta, ko uhum ba ta ce ba!" Ina karɓar yabo, haushi na cina. Na ja zani na rufe ƙafar.

Bara yarinyar ta taka ƙusa, muka kai ta a wanke ciwon, Goggo ta raka mu. Ana zuba magani yarinyar ta ciji leɓe, idonta ya kawo ruwa. Nas ta ce, "Da zafi?" Sai ta saci kallon Goggo, ta fara girgiza kai.

"Faɗa mata gaskiya," na ce. "Ke babu waya a ƙafarki."

Ta ƙwalla ihun da aka ji har bakin titi, ni kuwa na riƙe ta ban ce ta yi shiru ba.