Zama a Ƙarƙashin Sabon Rufi

Mahaifina magini ne. Yawancin zaurukan ƙasa na tsohuwar unguwarmu a Dakoro shi ya ɗaura bakan rufinsu, amma in ka tambaya sai a ce maka zauren Alhaji wane ne. Shi ko a jikinsa. Ni ce abin ke ci wa rai.

Yana da wata al'ada da na tsana tun ina ƙarama. Ranar da za a cire itatuwan da suka tokare sabon rufi, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin ya zauna. Wai in rufin zai faɗo, ya fara da wanda ya yi shi.

Zaurensa na ƙarshe na wani dillalin shanu ne, a bayan kasuwar dabbobi. Lokacin idonsa ya yi rauni, da tafin hannu yake auna lanƙwasar baka. Wani mai duba gine-gine ya leƙa, ya ce azarar ta cika siranta, rufin ba zai tsaya ba. Da labarin ya iso mini ranar cire itatuwan, na bar tukunya a wuta na fito da gudu.

Na tarar har ya zauna.

"Baba, don Allah ka fito. Ba ka ji abin da mutumin nan ya ce ba?"

"Ɗiyata, shi takarda ya sani. Tahi ki tsaya waje."

Taurin kai a wurinsa na gada. Na zauna a gefen tabarmar. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, na ƙi motsi. Leburori suka gaji da jira suka fara zare itatuwan.

Na farko ya fita, na biyu ya fita. A na uku wani abu ya yi ƙara a sama, ƙasa ta zubo mini a ɗankwali. Sai na ji Baba ya damƙe wuyan hannuna. Hannun nan da ya sha laka har ya yi kanta ya riƙe ni gam.

Aka zare na ƙarshe. Rufin ya tsaya.

Ya jima bai sake ni ba. Can ya ce, "Ashe abin da uwarki ke ji ke nan a bakin ƙofa, duk shekarun nan."

Zauren yana nan har yau, da sunan dillalin. Baba bai ƙara ɗaura wani ba.